Likitoci sun ce a cire cikin matar ƙanena saboda ciwon zuciya: mene ne haɗarin da ke cikin aikin?

'Yar Aboabo ta rubuta:

Assalamu alaikum jama'ar zaure. Ina neman shawarar waɗanda suka san aikin asibiti a kan wata magana da ta hana mu barci a gidanmu da ke Aboabo, nan Kumasi. Matar ƙanena ba ta cika shekara talatin ba, haihuwarta huɗu, kuma a haihuwar ƙarshe aiki aka yi mata aka ciro jaririn, wata bakwai da suka wuce. Bayan ta yi arba'in sai ƙafafunta suka fara kumbura, tana haki ko da tsakar gida ta share, da dare kuma ba ta iya kwanciya sai an tara mata matasai, ga tari. Da aka duba ta, likita ya ce zuciyarta ce ta yi rauni bayan haihuwa, ya ɗora ta a kan magunguna, ya kuma ja mata kunne cewa kada ta sake ɗaukar ciki sai ya ga zuciyar ta farfaɗo. Allah cikin ikonsa, makon jiya aka gano ta yi kwanika, cikin ya kai mako 8.

Likitan zuciya da likitan mata duk bakinsu ɗaya: sun ce barin cikin nan zai iya cin ranta, shawararsu ita ce a cire shi tun yana ƙarami. To, a nan gida ya rabu. Mma, wato mahaifiyarmu, ta ce duk macen da aka taɓa wa mahaifa da ƙarfe ta gama haihuwa ke nan, kuma ciwon mara ba zai rabu da ita ba har abada. Wata gwaggonmu kuma ta ce ba sai an kai ta asibiti idon jama'a ya gan ta ba, akwai ƙwayoyi a kantin magani da ake sha a ɗaka, kwana biyu an wuce wurin, sai a ce ɓari ta yi. Ƙanena ya yi shiru, ita kuma mai cikin kuka kawai take yi.

Ni abin da ke tsorata ni daban ne. Shekarun baya wata yarinya a layinmu ta rasu bayan jinyar mako guda, aka ce zazzaɓi ne, amma matan da suka yi mata wanka sun san ba zazzaɓi ba ne kawai. Tun daga lokacin, da na ji an ambaci zubar da ciki sai gabana ya faɗi. Saboda haka ina roƙon a faɗa mini gaskiya ba tare da rufa-rufa ba: waɗanne matsaloli ne ke iya biyo bayan wannan aiki, ko da a asibiti aka yi shi? Shin maganar Mma gaskiya ce game da haihuwa? Kuma ƙwayoyin da gwaggo ke magana a kansu, me ya bambanta su da abin da likita zai yi?

Baaba Ungozoma, Asawase, ta amsa:

Wa alaikumus salam 'yata. Allah ya ba ta lafiya, ya kuma saka miki da alheri da kika tsaya tambaya kafin a aikata. Na yi aikin ungozoma shekaru masu yawa kafin in ajiye, kuma abu na farko da zan gaya miki shi ne abin da ya kashe yarinyar layinku da abin da likitoci ke son yi wa matar ƙanenki sunansu ne kawai ɗaya. Wanda na fi gani yana kawo mata ɗakinmu rai a hannun Allah shi ne wanda aka yi a ɓoye: an cusa tsinke ko reshen rogo a bakin mahaifa, an sha jiƙon saiwoyi, an sha shuɗin wanki, har da garin kwalba, ko kuma wani da bai koyi aikin ba ya shiga da ƙarfen da bai dafa ba. Tsinke yana huda mahaifa ya wuce har hanji, ƙazantar hanji ta zubo cikin ciki. Jiƙe-jiƙen nan kuma sau da yawa cikin yana nan daram, ƙoda da hanta ne ke lalacewa, sai ki ga mace ta daina fitsari idanunta sun yi rawaya. Na kuma ga wadda ciwon sarƙe haƙora ya kama ta daga dattin abin da aka cusa mata.

Amma tunda kin ce a faɗi gaskiya, na asibiti ma ba a ce babu abin da ke biyo bayansa ba. Wanda ya fi yawa shi ne saura, wato wani ɓangare na cikin ko na mabiyiya ya maƙale bai fito ba. Muddin akwai saura, mahaifa ba za ta tsuke yadda ya kamata ba, jini zai ci gaba da zuba, kuma abin da ya saura ɗin shi ne abincin ƙwayoyin cuta. Maganinsa mai sauƙi ne idan an zo da wuri, a sake wanke mahaifar ko a ba da magani, amma idan aka zauna a gida ana gasa mara da ruwan zafi har kwana biyar, sai ya zama ruɓa ta shiga jini.

Ga abin da nake so ki riƙe, ke da duk wadda za ta yi jinyarta. Zubar jini kamar na al'ada ko ya ɗan fi, har zuwa mako biyu, tare da murɗar mara, ba abin tashin hankali ba ne. Amma idan tana jiƙa audugar mata babba guda biyu sharkaf a cikin awa ɗaya, kuma aka yi awa biyu a jere a haka, ku ɗauke ta ko da tsakar dare ne. Haka nan idan jiri na ɗibarta, ko tafin hannunta da cikin idonta sun yi fari fat, ko zazzaɓi ya kama ta da rawar sanyi ya ƙi sauka bayan kwana ɗaya, ko ruwan da ke fita yana wari, ko ciwon ciki yana ƙaruwa maimakon ya ragu har ba ta son a taɓa cikin. Lambar gaggawa a ƙasar nan 112 ce, idan kuma motar asibiti za ta ɗau lokaci ku tari tasi.

Abu na ƙarshe, wanda shi ya fi ci mini rai a duk shekarun aikina. Yarinya za ta zo jini na zuba, uwa ko yaya na tsaye a kanta, mu tambaya me aka sha ko me aka sa, a ce mana babu komai, faɗuwa ta yi a bayi. Mu kuma sai mu ɓata awa biyu muna laluben abin da kalma ɗaya za ta nuna mana. Idan na san an cusa wani abu, tun daga farko zan nemi likitan tiyata ya duba ko an huda hanji, in kuma yi mata allurar rigakafin sarƙe haƙora. Wanda ya ɓoye ciwonsa ya ɓoye maganinsa. Shawarar gwaggonku ta a ce ɓari ta yi, irin wannan hanyar ce take buɗewa.

Ɗan Alabar ya rubuta:

Hajiya, ni ba ma'aikacin lafiya ba ne, ɗan kasuwa ne, amma ina ganin Mma tana da gaskiya, domin abin da babba ya hango yaro ko ya hau rimi ba zai hango shi ba. Mun sha jin cewa macen da aka zubar wa ciki ba ta sake samun haihuwa, wasu ma sun ce yana jawo sankarar mama daga baya. Ni kaina na san wata a danginmu da aka yi wa wankin ciki, yau shekara tara ko ɓatan wata ba ta sake yi ba. Ban da haka, rai na Allah ne, kuma mun ga matan da likita ya ce ba za su tsira ba sun haihu lafiya. Me zai hana a bar cikin a dage da addu'a da magani, a ga abin da Allah zai yi? Ina jin tsoron kada a guje wa haɗari ɗaya a faɗa wanda ya fi shi.

Likitar Mata, Nima, ta amsa:

Yaya 'Yar Aboabo, sannunku da jinya. Ni likitar mata ce a Accra. Ban duba matar ƙanenki ba, don haka maganar likitocinta ita ce gaba da tawa, amma zan yi bayanin abin da kika tambaya, in kuma amsa wa Alhaji Ɗan Alabar cikin girmamawa, domin tsoron da ya faɗa tsoron mutane da yawa ne.

Ciki mai mako 8 hanya biyu ake bi a cire shi. Ta farko ita ce ta magani, inda ake haɗa mifepristone da misoprostol, su sa mahaifa ta yi naƙuda ta fitar da abin da ke cikinta kamar yadda ɓari yake. Ta biyu ita ce zuƙewa da wani sirinji na musamman mai siririn bututun roba, aikin da ba ya wuce 'yan mintoci, kuma yawanci allurar kashe zafi a bakin mahaifa ta isa. Ƙarfen da Mma take tunawa na kankare mahaifa ne, tsohuwar hanyar wankin ciki, kuma Hukumar Lafiya ta Duniya ta daɗe da ba da shawarar a daina amfani da shi, ta sake nanata haka a ƙa'idojinta na 2022. Mma ba ta yi ƙarya ba game da zamaninta: kankarewa mai tsanani, musamman idan an maimaita ta ko an yi ta a kan mahaifar da ta riga ta kamu da cuta, tana iya sa bangon mahaifa ya manne da juna, al'ada ta ragu ko ta ɗauke, ciki ya ƙi zama. Wataƙila abin da ya sami 'yar'uwar Alhaji ke nan, ko kuma cuta ce ta hau ta toshe bututun da ƙwai ke bi. Waɗannan biyun su ne manyan hanyoyin da zubar da ciki ke hana haihuwa, kuma dukansu daga mugun aiki ko cutar da ba a magance ba suke zuwa. Aikin da aka yi da tsabta aka gama lafiya ba ya hana haihuwa. Batun sankarar mama kuwa an bincike shi a kan mata masu yawan gaske a ƙasashe daban-daban, ba a sami alaƙa ba.

Ga girman haɗarin a hannun wanda ya ƙware. Huda mahaifa a lokacin zuƙewa yana faruwa ga kamar mace 1 zuwa 4 a cikin 1,000, kuma yawancin irin wannan hudar ƙarama ce da ke warkewa da kanta idan an lura da ita nan take. Zubar jinin da zai kai ga ƙarin jini bai kai 1 cikin 1,000 ba a farkon ciki, amma yana hawa zuwa kamar 4 cikin 1,000 idan ciki ya wuce mako 20. Bakin mahaifa na iya tsagewa idan an buɗe shi da ƙarfi, shi ya sa ake tausasa shi da magani tukuna. Ana ba da maganin kashe ƙwayoyin cuta kafin zuƙewa don rage kamuwa. Wani lokaci kuma, kamar 1 cikin 100 ko ƙasa da haka, cikin yana ci gaba duk da an yi aikin, kuma wannan yana da muhimmanci ga masu shan ƙwaya a gida, saboda jaririn da misoprostol ya taɓa a farkon ciki yana iya zuwa da naƙasa a fuska ko a gaɓoɓi. A Amurka, inda ake ƙidayar abin da kyau, mace-macen da ke biyo bayan aikin da aka yi bisa ƙa'ida ba su kai 1 cikin 100,000 ba. Hukumar Lafiya ta Duniya kuma ta ƙiyasta cewa a shekarar 2008, a ƙasashen Afirka kudu da Sahara, mata kusan 520 ne suka mutu a cikin kowane 100,000 da aka zubar wa ciki ta hanya marar aminci. Ki dubi tazarar da ke tsakanin lambobin nan biyu, ita ce tazarar da ke tsakanin shawarar likita da shawarar gwaggo. Kuma kowane mako da aka ƙara ana jayayya a gida, haɗarin yana ƙaruwa, domin cikin na girma, jijiyoyin jinin mahaifa na ƙara buɗewa.

Su ƙwayoyin ba guba ba ne, mu ma da su muke aiki, kuma ga mace mai lafiya da ta san kwanakin cikinta ta kuma sami bayani daga ma'aikacin lafiya suna da aminci ƙwarai. Matar ƙanenki ba ta cikin wannan sahu, saboda dalilai uku. Zuciyar da ta yi rauni ba ta jure zubar jini, abin da wata za ta zubar ta tashi ta yi girki ita zai iya kai ta ƙasa, kuma ko ƙarin ruwa za a yi mata sai an auna, don kada ruwan ya taru a huhu. Na biyu, masu irin ciwonta wasu ana ba su maganin tsinka jini, wanda ke sa jini ya ƙi tsayawa, kuma likita ne kaɗai zai tsara yadda za a yi da shi kafin aiki. Na uku, tana da tabon aiki na wata bakwai kacal. Dole a yi mata sikanin a ga inda cikin ya zauna, saboda wani lokaci yakan dasu a cikin tabon kansa, kuma taɓa irin wannan ba tare da shiri ba yana ɓalle jinin da ba a tsayar da shi sai a ɗakin tiyata. Ga kuma matsalar mai kanti, wanda ba zai tambaye ta ko ɗaya daga cikin waɗannan ba, kuma ba ki da tabbacin abin da ya miƙo mata na gaske ne ko jabu. Mai irin lalurarta wurinta babban asibiti ne da ke da likitan zuciya da ma'ajiyar jini, kuma a Kumasi kuna da asibitin koyarwa na Komfo Anokye.

Alhaji, game da barin cikin, ya kamata a ɗora haɗarin biyu a kan sikeli ɗaya. A lokacin goyon ciki jinin jikin mace yana ƙaruwa da kusan rabi, zuciya ce kuma ke tura shi dare da rana, nauyin ya fi tsanani a watannin ƙarshe da lokacin naƙuda da kwanakin farko bayan haihuwa. Wannan ciwon zuciya na bayan haihuwa ba baƙo ba ne a wurin Hausawa, likitocin Zariya sun yi rubutu a kansa tun shekarun 1970, har suka danganta yawansa da kunun kanwa da zafin wankan jego, ko da yake daga baya an ga akwai wasu dalilan. Abin da aka tabbatar shi ne macen da zuciyarta ba ta koma daidai ba, idan ta sake ɗaukar ciki, tana cikin rukunin da ya fi kowane haɗari, inda ƙa'idar likitoci ta ce a ba ta shawarar cirewa. Gaskiya ne wasu suna tsira, amma waɗanda ba su tsira ba ba sa dawowa su ba da labari, kuma wannan baiwar Allah tana da yara huɗu, ɗaya yana shan nono.

Ta fuskar doka kuma kada ku ji tsoro. Sashe na 58 na dokar laifuffuka ta Ghana ta 1960, kamar yadda aka gyara shi a 1985, ya halatta cire ciki idan zai jefa ran mace ko lafiyar jikinta ko ta hankalinta cikin haɗari, ko idan fyaɗe ne ko cikin muharrami, ko jaririn na da mummunar naƙasa, da sharaɗin likita mai rajista ya yi a asibitin da aka amince da shi. Wanda doka ke hukuntawa, har ɗaurin shekara biyar, shi ne wanda aka yi ba bisa waɗannan sharuɗɗa ba.

Almajirin Tafo ya rubuta:

Hajiya, zan taɓa gefen addini kaɗan tunda Alhaji ya ɗauko shi, amma fatawa ta malaminku ce bayan ya ji bayanin likita da kunnensa. Mazhabar Malikiyya da akasarinmu muke bi ta fi sauran tsanantawa, domin mashahurin zance a cikinta shi ne ba a fitar da abin da ya zauna a mahaifa ko da bai kai kwana arba'in ba. Malamai kuma sun haɗu a kan cewa bayan kwana 120, lokacin da hadisin Ibn Mas'ud ya nuna ana busa rai, haramcin ya ƙara nauyi. Sai dai malaman sun yi maganar lalura, cewa idan amintattun likitoci suka tabbatar ran uwa na cikin haɗari, ana gabatar da ran da ya tabbata, bisa ƙa'idar ɗaukar mafi sauƙin cutarwa biyu. Abin da na lura da shi a bayanin Likita shi ne jinkiri yana ƙara nauyin al'amarin ta ɓangaren lafiya, kuma haka yake ta ɓangaren shari'a. Saboda haka ƙanenki ya daina shiru, ya ɗauki takardun asibiti ya je wurin malami a wannan makon. Neman magani ba ya kore tawakkali, Alhaji, addu'ar ma za mu ci gaba da yi.

Wadda ta ɓoye sunanta ta rubuta:

Anti, ban taɓa ba kowa labarin nan ba sai mijina, amma maganar ƙwayoyin kanti ta sa na kasa yin shiru. Shekara shida da suka wuce na ga al'adata ta wuce da mako uku, na yi gwajin fitsari a gida ya nuna ciki, a lokacin kuma ina cikin wani hali da ba sai na faɗa ba. Wata ƙawata ta kawo mini ƙwayoyi a ƙulle cikin takarda, ba kwali ba suna. Na yi yadda ta ce, na ga jini kaɗan na kwana biyu, na ɗauka an gama. Ciwo ya ci gaba a gefen marata na dama, ina shan maganin ciwon jiki ina zuwa kasuwa. Rana ta tara ina tsugune a bayi sai na ji kamar an soka mini wuƙa, na tashi jiri ya kwashe ni. Abin da ya ba ni mamaki shi ne kafaɗata ce ke ciwo, har nake cewa a danna mini ita, ashe jinin da ya taru a cikina ne ke jawo haka.

A asibiti aka gano cewa cikin bai taɓa shiga mahaifa ba, a bututu ya tsaya, ya girma har ya fasa shi. Likitan ya gaya mini cewa ƙwayoyin nan ba su da wani tasiri a kan cikin da ke wajen mahaifa, kuma irinsa yana samun kamar 1 ko 2 a cikin kowane ciki 100. Jinin da na gani a waje ba komai ba ne a kan wanda ke zuba a ciki. An cire bututun, an ƙara mini jini leda uku, kuma sai da 'yan'uwana suka yi ta neman masu bayarwa cikin dare. Da na fara zuwa an duba ni, ko kuma da na koma da ciwon nan tun rana ta uku, da ba a kai ga haka ba. Ko da aka kai ni ma, sai da likita ya kori kowa daga ɗakin kafin na iya faɗin abin da na sha, don haka maganar Baaba Ungozoma gaskiya ce, kunya ta kusa kashe ni.

Alhamdu lillahi, da bututu ɗayan da ya rage na haifi 'ya mace bayan shekara biyu. Na faɗi wannan ne don Mma ta ji cewa ko wadda ta rasa bututu guda tana haihuwa, balle wadda za a yi wa aiki a gaban likitoci. Ki gaya wa gwaggo, don Allah, ta bar maganar kanti.

'Yar Aboabo ta sake rubutawa:

Na gode muku duka, Allah ya bar zumunci. Na karanta wa Mma amsoshinku jiya bayan isha'i, na fassara wa gwaggo inda ba ta gane ba. Mma ta yi shiru mai tsawo a kan labarin 'yar'uwar da ta ɓoye sunanta, sannan ta ce ita dai a dawo mata da surukarta da rai. Ƙanena ya je wurin malaminsu da safe da takardun, ya dawo ya ce an ba shi amsar da ta kwantar masa da hankali. An yi sikanin, cikin yana cikin mahaifa kuma bai zauna a kan tabon ba. Sun ba mu ranar Talata, sun ce za a kwantar da ita tun Litinin, kuma mu kawo mutum biyu da za su ba da jini a ajiye.

Likita, saura tambaya biyu. A littafin awonta an rubuta cewa jininta nagatif ne, shin wannan yana da wani abu da za mu tuna musu? Sannan bayan an gama, yaushe ne za ta iya sake ɗaukar ciki, don kada mu sake samun kanmu a inda muke yau?

Likitar Mata, Nima, ta amsa:

Yaya, ku nuna musu shafin nan na littafin tun ranar Litinin. Mace mai jini nagatif, idan jinin ɗan tayi mai fozitif ya gauraya da nata, jikinta na iya haɗa abin da zai yaƙi jinin jariran da za ta haifa nan gaba, kuma akwai allurar anti-D da ake yi cikin awa 72 don hana haka. A ciki ƙasa da mako 12 ba kowane asibiti ke ganin tana da buƙata ba, don haka likitanta zai yanke. Abin da ya fi gaggawa shi ne jini nagatif yana da wuyar samu a ma'ajiya, saboda haka a gwada masu bayarwar tun kafin ranar. Ku tafi da duk magungunan da take sha a cikin kwalayensu, har da na gargajiya idan akwai.

Game da ɗaukar ciki, ƙwai na iya sauka cikin mako biyu bayan aikin, tun kafin ta ga al'ada, kuma shayarwa ba ta kare ta ba, kun riga kun gani. Kada ta bar asibiti sai da hanyar tazarar haihuwa. Ƙwayoyin sha na kullum masu sinadarin estirojin ba su dace da mai ciwon zuciya ba, saboda suna ƙara haɗarin daskarewar jini. Ashanar hannu ko robar mahaifa sun fi dacewa da ita, kuma ana iya sa kowace daga cikinsu a ranar Talatar kafin ta sauko daga gadon aikin.